Tuba Daban, Bindiga Daban

'Yar uwa, ko kin san a ƙasar Amurka mallakar bindiga haƙƙi ne da tsarin mulkinsu ya ba ɗan ƙasa tun 1791? To amma fa yakan suɓuce wa mai laifi. A 1968, shekarar da aka bindige Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisarsu ta ƙara ɗaure doka: duk wanda kotu ta kama da laifin da hukuncinsa kan iya wuce ɗaurin shekara guda, babu shi babu bindiga.

Sai dai an bar 'yar ƙofa. Mutum zai rubuta takardar roƙo ga hukumar ATF, a binciki halinsa, in an gamsu a mayar masa da haƙƙinsa. Da aka ga wasu cikin waɗanda aka yafe wa sun koma ruwa, sai a 1992 majalisa ta hana hukumar kashe ko kwabo wajen duba takardun nan. Haka ƙofar ta zauna a rufe sama da shekara 30.

Ga inda abin ya shafe mu mata. A 1996 aka yi dokar Lautenberg, wadda ta ce wanda aka samu da laifin dukan iyalinsa, ko da ƙaramin laifi aka kira shi, shi ma ya rasa bindiga. Dalili kuwa a fili yake: hannun da ya saba mari, ranar da ya samu kunamar bindiga sai dai wani ikon Allah.

A 2025 ma'aikatar shari'a ta sake buɗe ƙofar, ta mayar wa mutum 10 haƙƙinsu. Cikinsu har da ɗan fim Mel Gibson, wanda a 2011 bai musa tuhumar dukan uwar 'yarsa ba.

Ni dai ban ce mutum ba ya shiryuwa ba. Wanda ya yi zambar kuɗi yana saurayi, yau ga furfura, yana son fita farauta, a duba masa mana. Amma mai dukan mace, kafin a sa hannu a takardarsa, a fara tambayar wadda ta kwana da kumburarren ido. Ita ta san halinsa in an rufe ƙofar ɗaki. A karɓi tubansa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Bindiga kuwa a dakata tukuna, don rai ba shi da na canji.

Allah ya tsare mu da mugun hannu, amin.