Yadda Awon Jiki Ya Shiga Unguwannin Hausawa a Fatakwal, Anacha da Inugu

Abu huɗu nas take fara aunawa kafin likita ya ga mara lafiya: zafin jiki, bugun jijiya, numfashi da ƙarfin gudun jini. Ga baligi mai lafiya, zafin jiki yana zagaye da digiri 37, jijiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, numfashi sau 12 zuwa 20, awon jini kuma wajen 120 bisa 80. Yau dattijon da ke sayar da albasa a Anacha yakan ce "jinina ya hau" kamar abin da ya gada kaka da kakanni, alhali wannan magana ba ta daɗe a bakin Bahaushe ba. Tana da tarihi, kuma a garuruwan Gabas tarihin ya haɗu da na jirgin ƙasa, da shanu, da bambancin harshe.

Hausawan farko da suka zauna a wannan yanki maharba giwa ne da fatake, irin waɗanda suka kafa zango a Elele, kusa da inda Fatakwal take yanzu, a ƙarshen ƙarni na 19. Sai aka gano kwal a yankin Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. A 1927 layin ya sadu da na Arewa ta Kafanchan, a 1932 aka gama gadar Makurɗi. Daga nan shanu da wake da busasshen kifi suka riƙa gangarowa a tarago, mutane na biye da kayansu. Inyamurai suka kira unguwar baƙin Ama Awusa, kasuwar shanu kuma Gariki. Zaman ya yi ƙarfi har wani Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Kowane zango ya zo da masu maganinsa. Wanzami yana yin kaho da kaciya da cire belu, ungozoma tana yanke cibi, maɗori yana ɗaure karaya, malam yana ba da rubutu. Su ma suna da nasu awon. Uwa takan ɗora bayan hannu a goshin yaro ta ce jikinsa ya yi zafi rau, ta duba maɗigarsa ko ta faɗa, ta ja fatar ido ta ga ko jini ya ragu. Wannan lura ce ta gaske, kuma sau da yawa tana dacewa. Rauninta ɗaya ne: abin da hannu ya ji ba ya rubutuwa. Ba a iya gwada zafin jiya da na yau, ba a iya miƙa shi ga wanda zai karɓi jinya da dare.

Kayan da suka mai da wannan lura lamba duk sun fito ne daga Turai cikin shekara ɗari. René Laennec ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji a Faransa a 1816. A Jamus, Carl Wunderlich ya wallafa a 1868 sakamakon awon zafin majinyata wajen 25,000, daga nan digiri 37 ya zama ma'auni. A daidai lokacin Clifford Allbutt na Ingila ya ƙera ɗan gajeren ma'aunin zafi mai shiga aljihu, wanda ya rage jira daga minti 20 zuwa 5. Scipione Riva-Rocci na Italiya ya kawo robar da ake ɗaurawa a damtse a 1896, sannan a 1905 likitan soja Nikolai Korotkoff na Rasha ya nuna cewa in aka saurari jijiya yayin sassauta iskar da aka hura wa robar, sautin farko shi ne lambar sama, ɗaukewarsa kuma lambar ƙasa. Makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a Landan a 1860 ita ce ta kafa tsarin da ya ɗora lura da majinyaci da rubuta halinsa a wuyan ma'aikatan jinya.

A Gabas, mishan ne suka fara. Asibitin Iyi Enu da ke Ogidi, dab da Anacha, ya buɗe a 1907, ya kuma zama wurin horar da ungozomomi da nas-nas. A Fatakwal an kafa asibitin Braithwaite a 1925, da farko don manyan ma'aikatan gwamnati. A matakin ƙasa kuwa, an kafa hukumar ungozomomi a 1930, majalisar ma'aikatan jinya a 1947, aka haɗe su wuri ɗaya a 1979.

Abin da ɗalibin jinya yake fara koya bai sauya sosai ba tun wancan zamani. Nas takan yarfa ma'aunin gilashi har zaibar ta sauka, ta sa shi a hammata. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannu, ba da babban yatsa ba, domin shi ma yana da nasa bugun, idonta a kan agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta. In ta gama ƙirga bugun ba ta sakin hannun. Takan ci gaba da riƙewa kamar ba ta gama ba, alhali ƙirjin take kallo tana ƙirga numfashi, don da zarar mutum ya san ana ƙirga masa numfashi sai ya canza shi. Daga nan ta ɗiga alama a takardar da ke rataye a ƙarshen gado. Layin da ɗigon ke zanawa cikin kwana uku yakan gaya wa likita abin da majinyacin ba zai iya faɗa ba.

Ga mazauna zango, nan amfanin lamba ya fi fitowa, nan kuma iyakarta ta bayyana. Ma'auni ba ya buƙatar tafinta: digiri 39 ɗaya ne ga mai jin Ibo da mai jin Hausa. Bayani kuwa sai da harshe. Namijin da ke wuni a kasuwa yana iya Turancin buroka, amma matar da ke cikin gida sau da yawa sai an haɗa ta da yaro ɗan makaranta ko ƙanen miji, kuma akwai abin da mace ba za ta faɗa ta bakin ɗanta ba. Kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watsa waɗannan unguwanni, waɗanda suka dawo bayan yaƙi suka sake gina amana daga tushe. Ba mamaki da yawa suka fi sakin jiki da mai kemis ɗan'uwansu, ko su jira sai sun je gida a duba su. Duk da haka kalmar "awo" ta kama, har ta zama sunan zuwan mai ciki asibiti gaba ɗaya.

A kan masu jego ne awon jini ya yi karo da al'ada ƙarara. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi mata 224 a Zariya da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa binciken a 1978. Sun danganta yawan cutar da kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙasa, na tsawon kwana arba'in. Kanwa tana tara ruwa a jiki kamar gishiri, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Al'adar tana bin Bahaushiya duk inda ta je, kuma nas ɗin da ba ta tashi a Arewa ba ba lalle ta san ya kamata ta yi tambaya a kai ba. Wadda ta sani takan kira uwar mai jego ko surukarta, don su ke dama kunun, ta nuna musu kumburin ƙafa da hakin da ke hana kwanciya, ta nemi a sassauta zafin ruwan a rage kanwar. Hana wankan gaba ɗaya ba kasafai yake karɓuwa ba.

Hawan jini ya fi kowane ciwo bukatar bayani, domin mutum yana iya kai 140 bisa 90 ko fiye bai ji komai ba. Shi ya sa ake sa shi ya zauna minti biyar kafin awo, a tambaye shi ko ya ci goro ko ya sha taba yanzu, a kuma nanata masa cewa maganin ba na kwana bakwai ba ne, ba a dainawa don ciwon kai ya tafi. Akan yi maganar gishiri da dunƙulen miya, da yadda za a tsara shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki.

Bayan taron Alma-Ata na 1978 kan kiwon lafiya a matakin farko, musamman zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, an mai da wani ɓangare na awon hannun iyaye mata. Aka koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari don gudawa, daga baya kuma lura da saurin numfashi: sau 50 a minti ga jaririn wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu da ke bukatar asibiti.

A watan Agusta na 2014 Ebola ta isa Fatakwal daga Legas, aka kuma sa ido kan wasu mutane a Inugu. Ma'aikata suka riƙa bin duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar suna duba zafin jikinsa kullum har kwana 21, ma'aunin da ake saitawa a goshi ya bazu a tashoshi da bankuna da makarantu. A watan ne kuma jita-jitar wanka da ruwan gishiri da shansa ta zagaye ƙasar ta wayar salula cikin dare ɗaya, ta kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu. Mutum 20 suka kamu da Ebola a Najeriya, 8 suka mutu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙarshen cutar a ƙasar ranar 20 ga Oktoba. Ma'aunin gilashi mai zaiba kuwa yana ɓacewa tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, na batir ya maye gurbinsa, kuma na'urar awon jini mai nuna lamba da kanta ta sauka daga asibiti zuwa kantin kemis da cikin gidaje.