Daga Filin Unguwa Zuwa Super Eagles: Waiwaye Kan Renon 'Yan Ƙwallo a Ƙasar Kano

Duk garin da ake buga ƙwallo a ƙasar Kano yana da yaron da ake cewa ya fi ƙarfin garin. A Bunkure da Kura da Garun Malam, inda samari ke wuni a gonakin shinkafa da tumatir su hallara a filin makaranta bayan la'asar, ba a rasa irin wannan yaro. Da ya haskaka a gasar bikin sallah sai magana ta tashi: a kai shi ƙungiyar Kano Pillars, ko a nema masa hanyar Turai. Ba kasafai ake tsayawa a tambaya ko ya isa ba. Tarihin ƙwallon Kano na shekaru 70 da suka wuce ya nuna cewa baiwa ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da ke raba wanda ya ɗore da wanda ya ɓace shi ne matakan da ya taka kafin ya hau sama.

A zamanin farko matakan a fili suke. Yaro yakan fara a makaranta, ya shiga ƙungiyar unguwa, daga nan wata ma'aikata ko kamfani ya ɗauke shi aiki yana buga masa wasa, sannan a zaɓe shi cikin ƙungiyar gari ko ta jiha. Ta wannan hanya Kano ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1953, karo na farko da kofin ya bar Legas. Bayan an kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta zama zakara a 1978. Ɗan wasan wancan lokaci yana da albashin ma'aikata, yana da manya a gabansa waɗanda sai ya ƙwace riga a hannunsu. Tafiyar tana da nawa, amma duk wanda ya kai ƙarshe ya riga ya goge.

Shekarar 1985 ta sauya tunanin ƙasar baki ɗaya. A waccan shekara Najeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a birnin Beijin na ƙasar Sin, ta ɗauki kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16. Gasannin yara suka samu martaba, ciki har da kofin Ramat da ake bugawa a Kano domin tunawa da Janar Murtala Muhammad. Alheri ne babba, amma ya zo da cuta. Hankali ya koma kan ɗaukar kofi, aka bar renon yaro, sai rage shekaru ya zama ruwan dare. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na tsawon shekara 2 saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma karɓe damar karɓar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1991. Illar ba ta tsaya a kunya ba. Idan ɗan shekara 22 ya shiga gasar 'yan 16, yakan fi kowa ƙarfi da gudu, a ɗauka gwani ne, alhali ya gama girma. Shi kuwa ɗan 16 na gaskiya an tauye masa gurbi. Ma'aunin gane wanda ya isa ya lalace, har sai da FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin tantance shekaru a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda Kano na cikin biranen da suka karɓi wasanninta.

A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, aka haɗe ƙungiyoyin WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North aka samar da Kano Pillars. Daga nan yaron Kano ya samu babbar ƙofa a gida. 'Yan wasan Arewa da suka yi suna a wancan zamani duk sun bi ta gasar cikin gida. Tijjani Babangida ya buga wa Niger Tornadoes kafin Roda ta ƙasar Holan ta ɗauke shi, daga bisani ya koma Ajax. Garba Lawal ya bi ta Julius Berger da Esperance ta Tunisiya. Su biyun suna cikin waɗanda suka ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996. Bayansu Sani Kaita ya fito daga Pillars, ya buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005 inda Najeriya ta zo ta biyu, ya tafi Sparta Rotterdam, ya ci azurfa a Olamfik na 2008, ya je gasar cin kofin duniya ta 2010.

Sai zamanin makarantun koyon ƙwallo da dillalan 'yan wasa ya kama. Kuɗin Turai ya yi yawa, tauraron ɗan'adam ya shigo da wasannin Ingila da Sifaniya har gidajen kallo na ƙauye, sai kowa ya ga gasar gida ɓata lokaci ce. Tun 2001 dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan togaciya, amma gaggawar ba ta ragu ba. Labarin samari biyu masu kusan shekaru ɗaya ya isa misali.

Rabi'u Ibrahim, haifaffen Kano, shi ya sa riga mai lamba 10 lokacin da Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu a 2007. Duk wanda ya kalli gasar ya san ƙafarsa ta hagu baiwa ce. Sporting ta Fotugal ta ɗauke shi nan take, amma bai samu shiga babbar ƙungiyar ba. Ya je PSV, ya je Celtic, ya je Kilmarnock, shekarun da ya fi bukatar wasa suka tafi a benci. Sai a ƙasar Sulobakiya, a Trencin sannan a Slovan Bratislava, ya samu wasa a kai a kai har ya ɗauki kofuna. Ya yi sana'a mai mutunci, amma Super Eagles ba ta more shi yadda aka sa rai ba.

Ahmed Musa kuwa bai ɗauki kofin 'yan 17 ba. Daga makarantar GBS ta Jos ya buga wa JUTH, ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, adadin da ba wanda ya taɓa kai shi a gasar kafin lokacin. Da ya cika shekara 18 ya tafi VVV-Venlo, ƙaramar ƙungiya a Holan inda yake da tabbacin shiga fili, sannan CSKA ta Mosko a 2012, sannan Leicester a 2016. Ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar duniya ta 2014, ya ci Aisilan 2 a ta 2018, ya buga wa Najeriya wasa fiye da 100. Haka Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato: ya ɗauki kofin lig tare da Pillars, ya buga gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida a 2014, ya bi ta Kuwaiti da Fotugal da Sayifurus, ya ci tagulla a Olamfik na 2016, ya je Rasha a 2018. A ɓangare guda, Musa Muhammad ɗan Kano, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin 'yan 17 a 2013 bayan ya ci Meziko ƙwallo a wasan ƙarshe, ya tafi Basaksehir ta Turkiyya, shekarunsa na farko suka ƙare a zaman aro daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Manomin Kadawa ya san wannan darasi tun kafin masu ƙwallo. Tunda ruwan madatsar Tiga ya fara ratsa yankin a shekarun 1970, kowa ya koyi cewa irin tumatir sai an rene shi kafin a dasa: in an cire shi da wuri rana ta kashe shi, in an bar shi ya tsufa a wurin reno ba zai yi 'ya'ya sosai ba. Rauni ko rashin sa'a kan shiga tsakani, amma sau da yawa a harkar ƙwallo sauri ne ke haifar da nawa.

To mene ne isa? Ba iya yanka da cin ƙwallo a gasar mako 3 ba ne. Isa shi ne yaro ya buga kaka guda cur tare da magidanta masu neman abincin iyalinsu, ya yi tafiyar kwana a mota zuwa Aba ko Fatakwal ya sauka ya yi wasa, ya ji ihun 'yan kallo a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ran da abin bai yi kyau ba, ya san tsaro kamar yadda ya san kai hari, ya iya karanta takardar yarjejeniya kafin ya sa hannu. Ba a koyon waɗannan a wurin atisaye.

Ƙasashen da suka ɗauki reno da muhimmanci sun gina masa mataki na musamman. A wasan ƙwallon gora na ƙanƙara a Kanada da Amurka, ƙungiyoyi 32 na babbar gasar NHL kan zaɓi matasa tun suna shekara 18, amma kaɗan ne ke shiga fili kai tsaye. Kowace ƙungiya tana da 'yar ƙanwarta a gasar AHL, wadda aka kafa a 1936, inda matashi ke buga wasa sama da 70 a kaka. In an ga ya nuna a kira shi sama, in ya gaza a mayar da shi ya ƙara gogewa ba tare da an yar da shi ba. A Sifaniya ma ƙananan ƙungiyoyin Barcelona da Real Madrid suna fafatawa da manya a ƙananan rukunonin gasar ƙasar.

Mu ma muna da rukunoni uku: Firimiyar Najeriya, gasar NNL da ke ƙarƙashinta, da NLO a mataki na uku. Pillars ta ɗauki kofin lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka a 2009, ta faɗi rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. Ahmed Musa ya dawo mata ɗan wasa, aka naɗa shi babban manajanta a 2025, shekarar da Barau FC ta hau Firimiya, Kano ta samu ƙungiyoyi 2 a babbar gasar. Duk da haka giɓin yana ƙasa. Ƙananan gasanni gajeru ne, kuɗin rajista da na mota kan durƙusar da ƙungiyoyin karkara, kuma masu neman 'yan wasa ba su cika wuce birni ba. Yaron Bunkure yakan buga wasan gaske ne sau kaɗan a shekara, sannan a sa ran ya yi gogayya da wanda ke bugawa duk mako.

Gyaran ba ya bukatar abin da ya fi ƙarfinmu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam da Rano za su iya kafa gasar shiyya da za a riƙa bugawa gida da waje tsawon watanni, da rajistar shekarun gaskiya daga makarantu. Pillars da Barau su riƙe ƙananan ƙungiyoyi masu buga gasa ta dindindin, su riƙa ba da aron matasansu ga ƙungiyoyin NNL. Attajiran shinkafa da ke sa kofin sallah su ware wani abu domin horar da masu koyarwa da gyaran fili. Ku kuma iyaye, duk wanda ya zo da alkawarin Turai yana neman ku sayar da gona, ku tambaye shi wasa nawa yaron ya buga a gida, kuma wace ƙungiya ce za ta sa shi a fili. In ba shi da amsa, ku riƙe ɗanku da gonarku, ku bar yaron ya gama karatunsa ya taka matakan ɗaya bayan ɗaya.