Jatan Lande da Barkono a Ƙasar Andalus

Daga cikin 'yan abubuwan da mutanen Sifen suke taɓawa kafin a kawo babban abinci, da wuya a sami wanda ya kai jatan lande da tafarnuwa saurin nuna: a zuba man zaitun a ɗan kaskon yumɓu, a jefa yankakkiyar tafarnuwa da busasshen barkono, idan man ya ɗauki ƙamshi a zuba ɓararren jatan lande, kafin minti uku ya yi ja, a kai wa mai ci yana tafasa, ya riƙa dangwalar man da burodi. Sai dai kayan haɗin nan ba a zamani ɗaya suka taru ba.

Zaitun da tafarnuwa tun mulkin Rumawa ake nomansu a can. Bayan Musulmi sun shiga ƙasar a shekarar 711, da yake mazhabar Imamu Malik ce ta kafu a cikinta, wadda ta halatta dabbobin ruwa baki ɗaya, saɓanin Hanafawa da suka taƙaita halaccin ga kifi har malamansu suka yi ta jayayya a kan ko jatan lande kifi ne, masu dafuwar Andalus ba su yi wani taraddadi a kansa ba. Ibn Razin al-Tujibi, malamin da aka haifa a Mursiya a 1227, ya rasu a Tunis, bai ga ƙasƙanci ba wajen ambatonsa cikin littafinsa na girki, Fadalatul Khiwan, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da mai ilimi a kan raina tukunya.

Amma barkono, duk ƙwarewarsu, babu ɗayansu da ya taɓa ɗanɗana shi; yajinsu masoro ne da citta da fatake ke kawowa daga gabas. Garnada, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi a watan Janairu na 1492, Kolumbus ya tashi a Agusta, sai da ya komo daga Amurka a shekara mai biye sannan Turai ta san wannan tsiro.

Shaharar wannan girki na jatan lande a Madrid, birnin da ba ya kusa da teku, ta baya-bayan nan ce. Ana danganta ta da wani shago, La Casa del Abuelo, da aka buɗe a 1906, wanda bayan yaƙin basasar Sifen ya ƙare a 1939, gari ya yi tsada, burodi ya yi wuyar samu, mai shi ya koma sayar da jatan lande, da fari gasasshe, daga baya cikin kasko da tafarnuwa.