Dokar Giya da Bakin Iyaka: Daga Sabon Garin Kano zuwa Illela

Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur. Harshe ɗaya ake yi, ana auratayya, ana cin kasuwar juna. Amma kwalbar giyar da za ta ja wa Musulmi bulala a ɓangaren Sakkwato, a ɓangaren Nijar haja ce da ake sayarwa da lasisi. Wannan bambanci ya girmi duk wani mai rai a garuruwan biyu.

Tun kafin Bature ya zo ana dafa burkutu da dawa a ƙauyukan Maguzawa da na Arna, malamai kuwa suna wa'azi a kai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Nijar ta yau, ya lissafa shan haramtaccen abu cikin laifuffukan sarakunan Haɓe. Abin da Turawa suka kawo sabo shi ne barasar kwalba da kuma dokar takarda. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels cewa ba za a shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Gwamna Lugga ya kafa mulki a Arewa a 1900, sai ya sa yankin duka a ƙarƙashin hanin, ya kuma samu abin nuna wa sarakuna cewa ba zai taɓa addininsu ba.

Amma akwai fuska biyu a lamarin. Ita gwamnatin da ta hana barasa a Arewa, da harajin barasar da ake saukewa a tashoshin ruwan Kudu take cika baitulmali, daga ciki har ake toshe giɓin kasafin Arewa bayan haɗewar 1914. Bature da baƙon ma'aikaci kuma suna da takardar izinin shigo da tasu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari a wajen ganuwa domin akawuna da leburori da 'yan kasuwar Kudu. A lokacin unguwar ba ta ƙarƙashin alkalin birni, don haka can mashaya da otal-otal da gidajen magajiya suka yi saiwa. Ɗan birnin da ke son sha ba sai ya karya doka a gaban Sarki ba: ya fita ƙofa da magariba, ya komo kafin asuba. Kalmar "ɗan bariki" ta samu nauyinta ne a irin waɗannan wurare. Ko kundin Penal Code da ya fara aiki a 1960, wanda ya sa shan giya ya zama laifi ga Musulmi kaɗai, bai rufe wannan ƙofa ba.

Faransa ba ta bi wannan hanya ba. Iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar Ƙonni a hannunta, Nijar kuma ta samu 'yanci da tsarin da bai haramta giya ba, daga baya har aka kafa kamfanin yinta a Yamai.

Shekarar 2000 ce ta mai da Illela abin da ƙofar ganuwa ta kasance ga Kano. Zamfara ta fara aiki da Shari'a a watan Janairu, Sakkwato ta bi baya a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa. Aka rufe mashaya, aka ce wa mata masu zaman kansu su yi aure ko su bar gari. Da yawa suka tsallaka Ƙonni da Firji ta hanyar Maraɗi, abokan hulɗarsu suka bi su a ƙarshen mako. Talakan Nijar da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya kwashi kayan. A Nuwamban shekarar, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, fusatattun mutane suka far wa mashaya da gidajen waɗannan mata a Maraɗi.

Ba a musun cewa unguwanni da dama sun samu sauƙin hayaniya da faɗan mashaya. Abin da ke da ciwo shi ne ba a tanadar wa matan sana'a ba, ba a kuma yi wa mashayin magani ba. Hisbar Kano ta murƙushe kwalaben giya 240,000 a rana guda a 2013, amma matasa da yawa sun riga sun koma kan tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ba ta hana shigo da shi da haɗa shi ba sai a watan Mayun 2018.