Daga Akwatin Gardi Zuwa Gidajen Amurka: Tarihin Kiwon Mesa

Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, abin da ya burge shi a hedikwatar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa mulkinsa shi ne ni'imar kwarin garin, da albasa da ayabar da ke fitowa a cikinsa. Irin wannan ƙasa mai danshi, wadda ta haɗa har da fadamun Kalgo inda ake noman shinkafa, ita ce mazaunin mesa tun fil azal. Akwai ɓera, akwai gafiya, akwai ramu da suri da za ta fake idan rana ta take.

Mutanen yankin sun daɗe suna cin abinci da wannan halitta. Mafarauta su kamo, majema su jeme fatar, dukawa su ɗinka jaka da takalmi da kube, masu magani kuma su sayar da kitsenta ga mai ƙuna ko ciwon gaɓɓai. Dukansu da matacciyar mesa suke aiki. Mutum ɗaya ne sana'arsa ta dogara da rayayyiya, shi ne gardi.

Ranar kasuwa za a ji ganga, a ga mutum da walki da layu a damtse ya ajiye akwati a tsakiyar da'irar jama'a. Ya buɗe murfi, ya zaro kumurci ko gamsheƙa, daga ƙarshe ya rataya mesa a wuya, yaransa suna zagayawa da ƙullin maganin sara. Wasan na sa'a guda ne, aikin kuwa na shekara ne, domin maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, abin da wuri ya ba shi da shi yake rayuwa. A ƙasar Kabi zafin Afrilu yakan haura digiri 40, kuma akwatin da aka bari a rana zai kashe abin da ke ciki. Da hunturu kuma jikin mesa yakan mutu, ta ƙi abinci, iska ta bushe har danshinta ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, saɓa ta maƙale mata a ido da wutsiya. Gardin da bai san lokacin neman inuwa da yayyafa ruwa da shanya akwati a hantsi ba, jarinsa ya salwanta. Wannan ilimi daga uba zuwa ɗa yake tafiya, ba ma'auni, ba littafi.

Mesar fadamun Kabi babba ce, tana iya wuce mita 4. Tana da ƙanwa a wuraren da suka fi samun ruwan sama, daga Senegal har Uganda, wadda masana ke kira Python regius. Tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma idan ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kai a tsakiya. A Wida ta Jamhuriyar Benin, ƙasar da ke iyaka da Jihar Kabi, har ɗakin bauta aka gina mata. Sanyin halinta ne ya jawo mata kasuwa. Tun daga shekarun 1970 an fitar da miliyoyinta daga Togo da Benin da Ghana zuwa Amurka da Turai: mafarauta su haƙo mata masu ciki da ƙwai daga ramu, a ƙyanƙyashe a gonakin da ke kewayen Lome, a ɗora 'ya'yan a jirgi.

Da yawa sun mutu a can saboda sanyi da bushewar ɗaki. Sai masu kiwo suka shiga auna abin da rami ke bayarwa kyauta. Suka tsaya a kan cewa gefe ɗaya na akwati ya kasance wajen digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen 25 zuwa 27, don ta riƙa zaɓa da kanta. Danshin iska ya tsaya wajen kashi 60, a ƙara shi lokacin saɓa. Ƙwai kuwa, wanda a daji uwa ke naɗewa a kai, ana ajiye shi a digiri 31 na kimanin wata biyu. Da wannan lissafi wani mai kiwo, Bob Clark, ya samar da zabiyar ƙaramar mesa ta farko da aka haifa a hannun mutum a 1992, aka buɗe cinikin launuka da ya mai da ita ɗaya daga cikin macizan da aka fi ajiyewa a gida a duniya.

A nan gida hanya ta bambanta. Dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta sanya nau'o'in mesa biyun cikin dabbobin da ake karewa, fatauci ya shiga takura, gardawa suka ragu a kasuwanni. Noman rani ya cinye ciyayin fadama, wutar daji tana lashe mafaka kowace kaka, kuma a 2021 ƙungiyar IUCN ta sanya ƙaramar mesar cikin halittun da ke dab da shiga haɗari. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi tana zaune ne a ƙasar Kalgo, kusa da fadamar, kuma tsofaffin gardawan da za a zauna da su a rubuta abin da suka sani suna nan da ransu a ƙauyuka.