Daga Faifan Garmaho Zuwa Sifikar Waya: Tarihin Mastarin Ɗin Waƙa



Ranar kasuwar Kaoje da ta wuce wani ɗan kabu-kabu ya kawo min waya, wai sifika ta fashe in canza masa. Na ce kunna mu ji. Ya sa waƙar abokinsa da aka haɗa a ɗaki, sauti na fita kamar ana yaga buhu. Na sa masa wata waƙar ta situdiyon Kano, ta fito tas. Na ce abokina riƙe kuɗinka, sifikarka lafiya lau take, waƙar ce aka ɓata wajen mastarin. Irin wannan ya faru a shagona ya fi a ƙirga, shi ya sa yau na ce bari mu waiwayi tarihin aikin.

Da farko, miksin daban, mastarin daban. Miksin shi ne daidaita murya da ganga da fiyano a tsakaninsu. Mastarin kuma shi ne gyaran ƙarshe bayan waƙa ta zama fayil guda, kamar gugar da ake yi wa riga bayan tela ya gama. Guga na fito da kyan ɗinki, amma ba ya gyara rigar da aka yanka a karkace.

Zamanin faifai

Da can, kai tsaye ake yanka sauti a kan faifai yayin da mawaƙi ke rerawa. A 1948 na'urar tef ta kamfanin Ampex ta fara shiga situdiyoyin Amurka, sai aka samu mutum na musamman mai kwashe waƙa daga tef zuwa faifan asali, wato masta, wanda daga shi ake buga sauran. Babbar matsalarsa bes ne: in ya yi yawa, allurar garmaho sai ta yi tsalle. A 1954 aka tsayar da ƙa'idar RIAA, a rage bes lokacin yanka faifai, na'ura ta maido shi lokacin kunnawa. Faya-fayan Alhaji Mamman Shata da kamfanin EMI ya buga a shekarun 1970 ta wannan hanya suka bi. Kun ga tun asali, aikin mai mastarin shi ne sa waƙa ta dace da abin da za a kunna ta a kai.

Zamanin kaset

Philips ya fito da kaset a 1963, mu kuma a nan ya yi tashensa a shekarun 1980 da 1990. Waƙoƙin su Sani Ɗandawo da Gambu ta kaset suka zaga Kebbi, daga wannan rakoda zuwa waccan, har su tsallaka Segbana a Jamhuriyar Benin. Sai dai duk kwafin da aka yi daga kwafi, "shuuu" na ƙaruwa, murya na dushewa. Shi ya sa mai shagon da ke riƙe da kaset ɗin asali yake ɓoye shi kamar zinari.

Fiyano da kwamfuta

Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990. A cikin shekarun da suka biyo baya situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha PSR, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin makaɗa goma. Sai kwamfuta ta shigo: Auto-Tune a 1997, da FruityLoops daga Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, wadda ta koma FL Studio a 2003. Situdiyo ya dawo cikin ɗaki. An samu sauƙi, amma an yi asara ɗaya. Da, mai mastarin wani mutum ne daban da zai ji waƙar da sabon kunne. Yanzu yaro ɗaya ne mai kiɗa, mai miksin, mai mastarin, kuma kunnensa ya riga ya gaji.

Yaƙin ƙara

Faifan CD ya fito a 1982 da iyakar da ba a ƙetarewa, wato desibel 0. Duk sautin da ya wuce nan sai a yanke masa kai, wannan yankan shi ne fashewar da kuke ji. A 1994 Waves ya fito da limita mai suna L1, mai matse waƙa ta yi ƙara ba tare da ta wuce iyaka ba. Sai gasa ta ɓarke, kowa na son tasa ta fi ƙara. A 2008 masoyan ƙungiyar Metallica da kansu suka yi ta ƙorafi cewa kundin Death Magnetic ya fashe saboda matsi.

Mu namu yaƙin a kasuwa aka yi shi, wajen masu tura waƙa a memori da masu kunna MP. Wadda ta fi ƙara ita ke jan kunne, sai yaranmu suka ɗauka in mita ta yi ja waƙa ta haɗu.

A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fito da ƙa'idar R128, mai auna ƙara da ma'aunin LUFS. Spotify, da ya shigo Najeriya a 2021, yana daidaita waƙoƙi a kan -14 LUFS, YouTube ma na rage wadda ta cika ƙara. Ma'ana, in ka matse waƙarka za su rage ta, ƙarar ta tafi, fashewar ta zauna. Memori da Xender kam ba su rage komai, don haka kada ka yi ƙasa sosai, amma kada ka bari ta fashe.

Abin da za ka yi yau

1. Kafin mastarin, fitar da miksin ɗinka a WAV, ka bar fili kamar desibel 6 ƙasa da 0.
2. Sa rufin limita a -1, kada ka kai shi 0.
3. Sifikar waya kusan ba ta fitar da sautin da ke ƙasa da hertz 200. Ƙara bes don ka ji shi a waya ɓata waƙa ne.
4. Ɗauko waƙar da ka yarda da sautinta, ka daidaita ƙararsu, ka riƙa gwadawa da taka.
5. Saurara a waya, a iyafis, a MP. Ka kwana, ka sake ji da safe, ka kuma ba wani ya ji.
6. Ajiye WAV ɗin a matsayin kaset ɗinka na asali. Juya MP3 zuwa wani MP3 daidai yake da kwafi daga kwafi.

Kayan aiki kuwa, Audacity kyauta ce a kwamfuta, Youlean Loudness Meter na da ta kyauta don auna LUFS, BandLab na yin mastarin kyauta a waya, LANDR da Ozone kuma na kuɗi ne.

Mai waƙar nan ya zo shago bayan kwana biyu da laftof ɗinsa. Muka duba, ashe limita biyu ya ɗora kan juna. Muka cire ɗaya, muka rage bes, muka kunna a wayar nan ta ɗan kabu-kabu da aka ce ta fashe. A karon farko aka ji abin da yake faɗa a baiti na biyu.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allahu.