Takalmin bazara: daga dukawan Gobir zuwa silifan roba



Bazara ta kama. Daga watan Maris zuwa Mayu kowa ya san halin da muke ciki: zafi ya haura digiri 40, tun da hantsi rairayi ya zama garwashi. Lokacin ne ake ajiye sau-ciki, kowa ya nemi abin da ƙafa za ta sha iska. Ga shi kuma a ƴan shekarun nan salloli suna faɗowa cikin zafin, sai kasuwar takalma ta buɗe. In kun leƙa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, abin da ake yayi a fili yake: silifa mai faffaɗan maɗauri da samari ke sa wa har da safa, takalmin roba mai huji-huji, na mata masu ƙyalli da duwatsu, da basket na bosho. Kusan duk daga waje suka zo.

To, shi ya sa yau muka ce bari mu waiwaya. Domin ƙasar nan da ke sayen takalmi daga ƙetare, ita ce a da take sayar wa duniya takalmi.

Mu fara da Gobir. Akwai wani matafiyi da ya tashi a birnin Fas na Maroko, Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. Ya gama littafinsa na bayanin ƙasashen Afirka a 1526, aka buga shi a Italiya a 1550. Da ya zo kan ƙasar Gobir, cikin abubuwan da ya ga sun cancanci a rubuta har da takalma. Ya ce akwai masu sana'a da yawa, suna ɗinka takalma irin waɗanda Rumawan da suke sa wa, kuma mafi yawansu ana kai su Tumbutu da Gao. Wannan tun kafin a san Alƙalawa ne, balle Tibiri, zamanin da Gobirawa suke zaune wajajen Birnin Lalle, ƙasar Dakoro ta yanzu. Ke nan shekaru 500 da suka wuce, takalmin da aka ɗinka a ƙasar nan shi ake takawa a manyan biranen daular Songai.

Bayan shekaru 300 da ƴan kai sai ga wani baƙon, Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdul Karim. Ya sauka Agadas a 1850, ya biyo ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon 1851, daga baya kuma ya zauna Damagaram. Shi mutum ne mai son lissafi. Ya ce bayan tufafi, babu kayan hannu da ke tafiya nesa daga Kano kamar takalmi. Mafi kyawu shi ake kira taka-saraki, kuɗinsa wuri 200, kuma ya ƙiyasta cinikin takalma a shekara ya kai wuri miliyan 10. Ku buga lissafin da kanku: ko da duka a farashin taka-saraki aka sayar, takalma 50,000 ke nan. Tunda kuwa sauran ba su kai wannan kuɗi ba, adadin ya wuce haka nesa. Ya kuma ambaci wani takalmi da Larabawa mazauna Kano ke ɗinkawa da fatar ƙasar nan, suna aikawa arewacin Afirka, sunansa balga. Ku saurari sunan da kyau, ku tuna da balka da muke sa wa yau.

Me ya sa takalminmu ya yi wannan suna? Amsar tana cikin garke. Jar akuyar Maraɗi da ƴar uwarta ta Sakkwato fatarsu ba ta da na biyu: ga laushi, ga ƙarfi, ga karɓar rini. Ayari ke ɗaukar ta a kan raƙuma, ta Damagaram da Abzin zuwa Gat da Tarabulus, wata kuma ta bi ta Maroko. Turawa suka saye ta a can, suna rufe littattafai da ita, suna ɗinka safar hannu, suna kiran ta fatar Maroko. Alhali da yawanta daga wajen majeman ƙasar Hausa ta fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aikin kuwa hannu-hannu ne, kowa da nasa. Mahauci ya feɗe ba tare da ya huda ba. Majemi ya jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa kwana da kwanaki, ya shafe ta da mai, ya murje har ta yi laushi. Ja daga karan dafi ake samun shi, baƙi daga kashin maƙera, rawaya daga gangamau, tsanwa kuma daga garin jan ƙarfe. Sannan baduku ya karɓa, da wuƙarsa da basillarsa, ya yanka ƙirgin sa ya yi ƙasan takalmi, ya yi saman da fatar akuya. Sana'a ce ta gado, mai tsari, har da Sarkin Dukawa a fada.

Kuma kowane takalmi da aikinsa. Faɗe na yawon yau da kullum. Kubutai na malamai da attajirai. Huffi, safar fata, ta lokacin ɗari. Kurufai na mahaya doki. Dangarafai na icce, na damina da wurin wanka. Takalmin gashin jimina na sarakuna ne, talaka ba ya taka shi. Sai takalmin Buzaye mai faɗi kamar faifai, wanda yaran birni ke yi wa dariya, alhali hikima ce tsantsa: faɗin yana hana ƙafa nutsewa cikin rairayi, yana tare yatsu daga zafin ƙasa da ƙaya da ƙarangiya. Ku lura da abu guda: in ban da na hawa da na sanyi, kusan duka a buɗe suke, kuma na fata ne. Fata tana shan gumi ta bushe. Mutanen da ba su karanta kimiyya a lakwal ba, amma sun san ƙasarsu.

To, ina aka kwana? Abin bai lalace rana ɗaya ba. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar ayari ta fara mutuwa, kasuwa ta juya kudu zuwa bakin teku. Kamfanonin Turawa ba takalmi suke so ba, ɗanyar fata suke so, busasshiya, su kai gida su jeme, su ɗinka, su dawo mana da ita. Wanda jiya yake sayar da aikin hannunsa, yau ya koma mai sayar da kayan aiki.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 an yi ƙoƙari, gaskiya. An buɗe cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi a 1963, don kada irin ya ɓata. An kafa masana'antar jima ta SONITAN a Maraɗi, Damagaram ma ta samu tata, wadda aka sani da sunan Malam Yaro. A gidan tarihi na Yamai aka ba masu sana'ar hannu rumfuna. Sai fari ya zo, na 1973 da na 1984, ya share garke. SONITAN ta rufe. Fatarmu ta kama hanyar Kano da Sakkwato ɗanya, ƙirgin shanu kuwa har tukunya yake shiga a matsayin ganda. Baduku ya koma yana tsere da mai miya wajen sayen kayan aikinsa.

Cikin wannan hali roba ta shigo, da farko daga masana'antun Najeriya, daga baya daga Sin. A nan sai mu yi adalci. Kafin zuwan roba, yaran ƙauye da yawa ƙafa ƙasa suke tafiya, manomi kuma sai na taya. Silifa ita ta sa wa talaka takalmi. Ita ke shiga alwala da makewayi, ita ke jure caɓin damina. Mai iyali goma ba zai iya ɗinka wa kowa balka ba, musamman tun daga Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, aljihu ya ƙara ƙunci, bosho ya samu shiga. Ba wanda zai zargi uba don ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai.

Sai dai araha ba ta ado. Ku ajiye silifa a ƙofar masallaci lokacin azahar, ku fito ku sa ƙafa, za ku ba da labari. Roba tana riƙe zafi, tana tara gumi, ta bar ka da wari da cin ruwa tsakanin yatsu. Hancinta ya tsinke, a soka ƙusa, ya sake tsinkewa, a jefar, ta je ta toshe magudanar ruwa kafin damina. Wanda ya sayi uku ko huɗu a shekara, in ya tara kuɗin, zai ga ashe ba araha ya yi ba. Na fata kuwa in ƙasansa ya cinye, mai gyara zai sa masa wani, ya ci gaba da tafiya.

Ga masu tambayar yadda ake sa shi, ladabin tsoho ne, bai canza ba. Balka tana tafiya da babbar riga da kaftani, haka kuma baƙa ko ja marar ado da yawa tana zama daram da wandon jins da ƴar shat. Mata, takalmi buɗaɗɗe shi ke fito da lalle, sai a kula da kaushi da faso, a goge, a shafa man kaɗe da dare. Safa da silifa cikin zafin Afirilu kuwa, samari, wahala ce da kuɗinka. A sayi takalmi da marece, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kada ya matse daga baya. Na fata ba ya son wanki da ruwa, ba ya son kwana cikin rana: a goge ƙura da tsumma, a shafa ɗan mai, a ajiye a inuwa. A fara sa wa da dama, a fara cirewa da hagu, kamar yadda sunna ta koyar. A tuɓe a ƙofar masallaci da fada da ɗakin surukai. Yaro ya tuɓe in zai gai da babba, ko da takalmin nasa daga Dubai ya zo.

Dukawa ba su ƙare ba, jama'a. Suna nan Tawa da Damagaram da Agadas da Maraɗi, suna nan Wadata a Yamai, majema kuma suna nan bakin kogi a Gamkalle. Wasu matasa cikinsu har sun iya sabon yayi, in ka nuna musu hoto a waya za su fitar maka da shi da fatar gida. Abin da ke kashe sana'ar shi ne ɗan baduku ya duba ya ga aikin ubansa ba ya cika tukunya, ya ajiye basilla ya hau kabu-kabu. Ranar da na ƙarshe ya ajiye, ilimin shekaru 500 ya tafi, kuma ba a sayo shi a kasuwa.

Saboda haka ba mu ce a jefar da silifa ba, tana da wurinta. Amma mai hali, cikin takalman da zai saya wa iyali a bazarar nan, ya sa ko guda ɗaya ya zama ɗinkin gida. Fatar layya kuma a feɗe ta da kyau, a sa mata gishiri, a miƙa ta inda za ta yi amfani, kada a bar ta ta ruɓe a bola. Hukuma ita ma ta dubi majema da idon rahama.

Dattawan da ke bin mu, ku faɗa wa yara sunayen takalman garinku, don kada su ɓace tare da ku. Allah ya ba mu sauƙin zafin nan, ya kawo damina mai albarka. Amin.